Krakow, Salzburg ko Cluj: ina za ku je hutu ku biyu idan kuna son shiga mahaƙar gishiri?

Kwana uku ko huɗu kacal kuka samu, kai da uwargida, ko ke da maigida, ba yara ba aiki, kuma ɗayanku ya ƙwallafa rai sai an shiga ƙarƙashin ƙasa an ga mahaƙar gishiri da ido. A Turai wurare uku ne za su yi ta dawo muku duk inda kuka bincika: birnin Krakow na Polan da mahaƙar Wieliczka, birnin Salzburg na Ostiriya da mahaƙar Hallein, sai Cluj-Napoca na Romaniya da mahaƙar Turda. Duk ukun na gishiri ne, duk an daina haƙa a cikinsu, kuma kowacce tana kusa da birninta, a je a dawo a wuni ɗaya har a yi yawon yamma. Kamanninsu ke nan. Abin da za ku tarar a ƙasa ya sha bamban ƙwarai.

Zan faɗi nawa tun yanzu don kada in ja ku da nisa: ga yawancin ma'aurata, Krakow ce. Amma akwai waɗanda za su je can su dawo da ciwon gwiwa da ɓacin rai, alhali da Salzburg ko Cluj suka nufa da sun more. Abu biyu nake so ku auna. Na farko, mahaƙar awa biyu ko uku za ta ci daga cikin kwanakinku, sauran duk a birni za ku yi su, don haka birnin ya fi ramin nauyi a mizani. Na biyu, wanda mutane suka fi mantawa da shi: a can ƙasan, za a bar ku ku biyu, ko a cikin ayari za a kora ku?

Mu fara da Wieliczka, wadda masu ƙasar ke furtawa kamar "Biyelicka". Tana da nisan kilomita 14 daga tsakiyar Krakow, jirgin ƙasa yana kai mutum daga babbar tasha cikin kamar minti 25, ga kuma bas mai lamba 304. Tun ƙarni na 13 ake haƙar gishiri a wurin, sai a 1996 aka daina. A 1978, da UNESCO ta fitar da jerin farko na wuraren tarihi na duniya, guda 12 kacal, Wieliczka tana ciki, tsohon birnin Krakow ma yana ciki. Ramin ya nutsa mita 327, hawa tara, amma masu ziyara hawa uku na sama kawai suke gani, iyakarsu mita 135.

Shigar ita ce jarrabawa. Matakala ce ta katako, kusan taka 380 a jere, tana juyawa tana juyawa har mita 64. Ranar da muka sauka ni da uwargida, a wani mashigi na leƙa ta tsagar da ke tsakiyar matakalar, ban ga ƙarshe ba sai layukan katako suna ta ƙanƙancewa cikin hasken fitila. Ta riƙe mini hannun riga ta ce, "Maigida, daina leƙen nan, kai dai sauka." Ba ta sake hannun ba sai da muka taka ƙasa. Duka-duka taka kusan 800 ake yi a wannan hanya, mafi yawa gangara ne, tafiyar kuma ta kai kilomita uku da rabi idan an haɗa da ɓangaren kayan tarihi. Wanda gwiwa ke damunsa, ko mai juna biyu, ya yi lissafin wannan da kyau kafin ya sayi tikiti.

Abin da ke ƙasan ya cancanci wahalar. A saman wannan mahaƙa gishirin dunƙule-dunƙule ne manya, wasu sun kai girman gida, to da masu haƙa suka cinye cikin kowane dunƙule sai ya bar zaure. Shi ya sa Wieliczka ta zama jerin zaurukan da dogayen lunguna ke haɗawa, an tokare su da gumagumai waɗanda gishiri ya hana su ruɓa shekaru ɗaruruwa. Kada ku sa ran fari fat. Gishirin toka-toka ne, kamar dutse, sai jagora ya ɗora tocila a bango ku ga haske ya ratsa ciki. Mafi shahara shi ne zauren Kinga, mita 101 a ƙasa, tsawonsa kimanin mita 54, tsayinsa 12. Coci ne, har yau ana ibada ana ɗaura aure a cikinsa, gara ku san haka tun kafin ku je. Masu haƙa uku ne suka sassaƙa shi, 'yan'uwa biyu Józef da Tomasz Markowski, sai Antoni Wyrodek, aikin da aka fara a 1896 ya ɗauki shekaru gommai. Daɓen da kuke takawa gishiri ne da aka tsaga kamar tayil, zanen bango gishiri, har ƙwayoyin da ke lilo a jikin manyan fitilun rufi gishiri ne.

Ga masoya kuma akwai tatsuniyar da kowane jagora ke bayarwa. Kinga gimbiya ce 'yar sarkin Hungari da aka aurar wa Bolesław, basaraken Krakow. Wai da za a kawo ta sai ta roƙi mahaifinta gishiri a matsayin kayan aure, saboda Polan ba ta da shi, ta cire zoben baikonta ta jefa a wata mahaƙa ta ƙasarsu. Da ta iso sai ta sa a haƙa a Wieliczka, dunƙulen farko da aka fasa sai ga zoben a ciki. Kinga da Bolesław mutane ne na gaske a ƙarni na 13, zoben ne labari. An sassaƙa wannan fage da gishiri a ɗaya daga cikin zaurukan farko, mai haƙa ya durƙusa yana miƙa mata dunƙulen.

Aibin Wieliczka shi ne ba a shiga sai da jagora, cikin ayarin mutum talatin ko fiye, kowa da ɗan abin sauraro a kunne. Mutane sama da miliyan ɗaya ke zuwa a shekara, ayari na bin ayari. Kun tsaya bakin tafkin zauren Weimar, an rage fitilu an saki kiɗa, kuna so ku ɗan jima, sai a ce a matsa, na baya sun iso. Akwai ƙofofi a lungunan da ba a buɗe ta gaba sai an rufe ta baya saboda iskar da ake turawa, don haka ba damar mutum ya noƙe a baya. Sai an kai ƙarshe, wajen gidan abincin da ke mita 125 a ƙasa, ake sakin mutane su sarara. Fita kuma da lif ɗin masu haƙa ne, keji mai hawa-hawa da ake cusa mutane kafaɗa da kafaɗa, ya yi sama cikin duhu-duhu ƙasa da minti ɗaya. Mai tsoron matsatsi, wannan ne zai fi ba shi wuya, ba zaurukan ba. Akwai wata hanya daban ta rijiyar Regis, inda ake ba mutum kayan aiki da hular kwano da fitila ya ɗanɗana aikin masu haƙa cikin ƙaramin ayari, sai dai ba ta bi ta zauren Kinga, kuma ban ga dalilin zuwa karo na farko a rasa shi ba. Sanyin wurin mai daɗi ne, digiri 17 zuwa 18 rani da hunturu, rigar sanyi mara nauyi ta isa.

Birnin ne ya sa na ba Krakow gaba. Ita ce fadar sarakunan Polan har ƙarshen ƙarni na 16, kuma yaƙin duniya na biyu bai rushe ta ba kamar yadda ya yi wa Warsaw. Babban dandalinta, Rynek, an shata shi a 1257, kusan mita 200 kowane gefe, da tsohuwar kasuwar tufafi a tsakiya. Inda ganuwa take a da an mai da shi lambu mai suna Planty, ya kewaye tsohon gari kamar kilomita huɗu, da benci a ƙarƙashin itatuwa. Ku gangara ku hau tudun Wawel inda fadar take, ku sauko bakin kogin Vistula, ku shiga unguwar Kazimierz, tsohuwar unguwar Yahudawa mai cike da ƙananan gidajen shayi, ku ƙetare gadar ƙafa ta Bernatek da masoya suka cika da kwaɗunan kullewa. Duk da ƙafa za ku yi wannan, ba tasi ba taswira mai wahala, kuma kwana uku ba za su ƙure muku wurin zuwa ba. Wata shawara da nake bayarwa da gaske: kamfanonin yawon buɗe ido suna sayar da tikitin da ya haɗa Wieliczka da sansanin Auschwitz na 'yan Nazi a rana guda. Kada ku saya. Auschwitz na da nisan kusan kilomita 70, wuri ne da aka hallaka mutane sama da miliyan ɗaya, wanda ya je can yana bukatar wuninsa da shirunsa. Idan za ku je, ku ba shi ranarsa daban.

Salzburg kuwa gishiri ne ya haife ta, sunan ma ma'anarsa ganuwar gishiri. Kuma labarin soyayyarta tarihi ne tabbatacce. Wolf Dietrich von Raitenau, babban limamin coci kuma mai mulkin ƙasar, ya tara dukiya da gishirin dutsen Dürrnberg da ke saman Hallein. A 1606 ya gina wa Salome Alt, matar da yake ƙauna wadda muƙaminsa ya hana shi aura, fada a ƙetaren kogin Salzach. Ta haifa masa 'ya'ya 15. Gishirin nan dai shi ya kayar da shi: rikici da maƙwabciyarsa Bavariya, wadda yau jiha ce a Jamus, a kan cinikinsa a 1611 ya kai ga kama shi, aka tsare shi a sansanin Hohensalzburg da ke kan dutsen da ke kallon garin, can ya rasu a 1617. Wanda ya gaje shi ya sake wa fadar suna Mirabell. Yau ku tsaya a lambun Mirabell, furanni a gabanku, ku ɗaga kai, sansanin da aka tsare shi ne a saitin idonku. A zauren marmara na fadar ake ɗaura auren mutane daga ƙasashe da yawa. Idan kyawun ido kawai ake nema, da duwatsu masu ƙanƙara a bayan gari, Salzburg ta fi sauran biyun nesa ba kusa ba.

Mahaƙarta ce ba ta kai birnin ba. Daga Salzburg jirgin ƙasa zuwa Hallein kamar minti 20 ne, sai bas ya hau da ku dutsen. Mutanen Kelt, wata tsohuwar al'ummar Turai, sun haƙi gishiri a nan shekaru 2,500 da suka wuce, an rufe aikin a 1989. Amma gishirin dutsen gauraye yake da laka da duwatsu, don haka tun ƙarnoni da dama ba sara shi ake yi ba: ruwa ake cika rami da shi ya narkar da gishirin, a zuƙo ruwan a tura shi gari ta bututu a dafa. Wannan ya sa babu manyan zaurukan sassaƙa. Abin da ke akwai wasa ne. Za a ba ku fararen riga da wando ku ɗora kan kayanku, ku hau ɗan jirgin masu haƙa kamar an hau doki, kowa ya riƙe na gabansa, a shige cikin dutse. Akwai katakon sulɓi biyu da masu haƙa ke gangarawa a kai, mutum biyu ko uku a jere, a ɗaga ƙafa a tafi suuu. Sai a ƙetare tafkin ruwan gishiri a kan wani faffaɗan kwalekwale da fitilu masu launi. A cikin ramin ma za ku tsallaka iyaka ku shiga Jamus ku dawo, abin da ya samo asali daga yarjejeniyar 1829 tsakanin Ostiriya da Bavariya, wadda ta ba Ostiriya damar haƙa a ƙarƙashin ƙasar Bavariya, su kuma mutanen Bavariya su sari itace a dazukan Ostiriya. Duka awa ɗaya da 'yan kai ne, tafiyar ƙafa kaɗan, sanyi wajen digiri 10. Uwargida ta sa wando a ƙarƙashin doguwar riga, don hawan jirgin da sulɓin sai da shi. Za ku yi dariya, za ku fito da hoto, amma ba za ku riƙe baki don mamaki ba, kuma yara 'yan makaranta sun fi kowa yawa a ayarin.

Mutane za su ce muku ku wuce Hallstatt, ƙauyen bakin tafki mai mahaƙar da ta fi kowacce tsufa. Kyakkyawa ne ba musu. Sai dai tafiyar kusan kilomita 75 ce, da jirgi ko bas za ta ci muku wuni cur, kuma ƙauyen da mazaunansa ba su kai 800 ba yana karɓar dubban baƙi a rana. Ga mai kwana uku ban ga ribar ba. Salzburg kuma tana da tsada, ita ce mafi cin aljihu a cikin ukun, musamman daga ƙarshen Yuli zuwa ƙarshen Agusta lokacin bikin kiɗa da wasanninta, sa'ad da ɗakin otal ke wuya. Ƙaramin birni ne, a kwana biyu kun gama zaga ta, ga yawan yayyafi.

Turda ita ce ta ba ni abin da sauran biyun suka hana. Kimanin kilomita 30 take daga Cluj, ƙananan bas suna zuwa garin, daga nan tasi zuwa ƙofar mahaƙar. An daina haƙa a 1932, ta zama maɓoya lokacin yaƙin duniya na biyu, daga baya wurin ajiyar cuku, aka buɗe ta ga baƙi a 1992, aka sabunta ta a 2010. Ba dole sai da jagora ba. Ku sayi tikiti ku shiga, ku zauna iya son ranku. A nan daga sama ake sara ana yin ƙasa, shekara bayan shekara, har ramin ya zama wani makeken rumbu. Kuna tafe a lungu, kwatsam sai ku ɓullo kan wata baranda ta katako manne da rufin zauren Rudolf, mita 42 a ƙarƙashin ƙafarku, tsawon wurin mita 80. Bangon yana da zane-zanen baƙi da fari kamar igiyar ruwa, gishiri ya tsiro daga rufi yana reto. Ana sauka da lif mai gilashi ko da matakala 172, hawa 13, a kowane hawa an rubuta shekarar da masu haƙa suka kai wannan zurfin. Ku bi matakalar wajen sauka, ku karanta shekarun. A ƙarshen mako layin lif ɗin kan yi tsawo ƙwarai.

A ƙasan Rudolf an kafa wurin wasa: lilo mai juyawa kamar ƙafar keke mai tsayin mita 20, teburan ƙwallo, dandalin kallo. Wasu na ganin wannan ya zubar wa wurin da kwarjini, ni ma ina ganin haka, ga hayaniya tana amsa-kuwwa. Amma ku ƙara gangarawa zuwa ramin Terezia, mai siffar ƙararrawa, tsayinsa mita 90, ƙasansa mita 112 daga doron ƙasa. Tafki ne a wurin, da tsibiri na tarkacen gishiri a tsakiya, ana ba da hayar ƙananan kwalekwale, kuɗinsu daban da na shiga. Ku biyu ne kawai a ciki, kai ke tuƙi. Ruwan baƙi ƙirin, fitilun tsibirin na rawa a kansa. Da muka zaga bayan tsibirin na ajiye filafilan, sai ɗigar ruwa kawai muke ji, muryoyin mutane sun koma can nesa. Uwargida ta tsoma yatsa ta ɗanɗana, ta yamutsa fuska, muka ɗaga kai muna neman rufin har wuyanmu ya gaji. Sanyi a nan digiri 10 zuwa 12 ne da danshi mai yawa, yana shiga jiki idan an daɗe, ku tafi da rigar sanyi ta gaske.

Cluj birni ne na ɗalibai, mai rai, mai sauƙin kashe kuɗi idan aka gwada da Salzburg. Akwai dandalin Unirii, gidan da aka haifi sarkin Hungari Matthias Corvinus a 1443, lambun tsirrai da aka kafa a 1920, da tudun Cetățuia inda ake kallon faɗuwar rana a kan gari. Yana da daɗin zama, amma tsohon garinsa ƙarami ne, bai kama ƙafar Krakow ba. Wanda ya zaɓe shi ya haɗa da kwazazzabon Turda da ke kusa, ya yi hayar mota, ya ɗauki tafiyar a matsayin ta yanki. A kauce wa farkon Agusta, lokacin babban bikin kiɗan Untold, idan natsuwa ake so.

Batun takardu bai raba su ba. Duk ƙasashen uku suna cikin yankin Shengen, wato ƙasashen Turai da ake shiga da biza guda, Romaniya ta gama shiga a ranar 1 ga Janairu 2025, don haka biza iri ɗaya ce, kuɗinta yuro 90 ga babba, da inshorar lafiya ta aƙalla yuro 30,000, kuma a ofishin jakadancin ƙasar da za ku fi daɗewa ake nema. Kuɗin kashewa ne ya bambanta: yuro a Ostiriya, zloti a Polan, leu a Romaniya. Lokaci mafi daɗi Mayu da Yuni ko Satumba. Disamba na da kasuwannin hunturu masu fitilu a Krakow da Salzburg, sai dai kafin ƙarfe huɗu da rabi duhu ya yi. Da yake yanayin ƙarƙashin ƙasa ba ya canjawa, ranar da hasashe ya nuna ruwan sama ita ce ranar mahaƙa.

To ga yadda zan raba. Idan ɗayanku ba ya iya doguwar tafiya da matakala, ko kwana biyu kawai gare ku kuma aljihu na da nauyi, ku tafi Salzburg, ku ɗauki Hallein a matsayin nishaɗin safiya. Idan abin da ya fi muku shi ne a ƙyale ku ku biyu ba mai ce muku ku matsa, kuma ba ku damu birnin ya zama na gani-na-faɗa ba, Cluj da Turda. In kuwa ƙafafunku lafiya lau, kuna son birnin da zai cika muku kwana uku da mahaƙar da za ku daɗe kuna ba da labarinta, ku kama ɗaki a cikin da'irar Planty ko a Kazimierz. Ku sayi tikitin Wieliczka ta intanet a shafin mahaƙar kanta kwanaki kafin ranar, ku zaɓi ayarin farko na safe a harshen da kuke ji, ku sa takalmi mara tsini, ku bar babbar jaka a otal don ba a shiga da ita. Kafin la'asar kun dawo gari kun ɗan kishingiɗa. Da yamma ku fito Rynek ku sami wurin zama kusa da hasumiyar cocin Maryam. Kowace awa mai busa ƙaho yana buɗe taga a can sama ya busa sau huɗu, gabas da yamma, kudu da arewa, kuma kowane karo busar tana yankewa a tsakiya. Idan ya gama yakan ɗaga hannu ga mutanen da ke ƙasa, ku ma ku ɗaga masa.